Jan furen da ba ya maganin komai

Irin furen salbiya wata abokiyar aikina ce ta kawo mini daga Jos, a ƙulle cikin leda, baƙaƙe ƙanana kamar kashin ɓera. Ta ja mini kunne cewa ba a binne shi, a saman ƙasa ake barbaɗawa a danna da yatsa. Bayan damina na jera tsofaffin robobin fenti a inuwar katangarmu a unguwar Gidan Igwai, ina yayyafa musu ruwa da hannu safe da yamma. Rabi suka ƙi fitowa, akuyar maƙwabta ta yi kalaci da wasu. Waɗanda suka tsira suka yi tsayi, suka fid da jan fure jawur. Ni kuwa har magana nake musu, ba na ɓoyewa.

A lokacin ne surukina ya zo daga ƙauye don a duba masa ido, ya zauna wurinmu. Manomin gero ne tun tasowarsa. A wurinsa duk abin da aka ba ruwa, ko a ci shi, ko a sha inuwarsa, ko a yi magani da shi. Wata safiya ya same ni duƙe kan robobin, ya daɗe yana kallo.

"Ɗiyata, wanga haki magani na?"

Yaya zan ce wa uban mijina ruwan da nake saya wurin 'yan garuwa ina zuba shi ne don kallo kawai? Na sunkuyar da kai kamar yadda ake yi gaban suruki. Shi kuma ya ɗauka na ce i.

Daga nan na fara ganin ganyen yana raguwa. Ashe tsinka yake yana jefawa a shayi. Na gaya wa maigidana, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce in ƙyale tsoho, ba abin da zai same shi. Haushi ya kama ni, don shi ne ke da bakin gaya masa, amma ya bar ni da kayan.

Ran nan bayan la'asar sai ga Baba da wani dattijo da suka saba a masallaci. Ya sa aka kira ni zaure, na durƙusa na gaishe su.

"Matar Malam ta ba ta lahiya, ƙahwahunta sun kumbura," in ji Baba. "Za shi kai ta asibiti, nic ce shi dakata shi gwada naki. Ni tun da nih hwara sha, gwiwata ta sake ni."

Dattijon ya miƙo leda da hannu biyu. Ga mace kwance a gida tana jira, ga Baba yana murmushin mai abin alfahari. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

"Baba, ku yi haƙuri," na ce. "Ba magani ba ne. Fure ne kawai, na ado. Malam, don Allah ku kai ta asibiti yau."

Dattijon ya naɗe ledarsa a hankali ya sa aljihu. Na saci kallon Baba, na ga murmushin ya tafi, yana ta murza bakin rigarsa. Na jira ya ce ai ni na gaya masa, don da ya faɗa ba ni da bakin musu.

Sai ya juya ga abokinsa.

"Malam, gahwarta mini. Yarinyag ga ba ta taɓa ce mini magani na ba. Ni na da karambani, tsuhwa ta."

Ya tashi da ƙyar, ya dafa bango, ya raka baƙonsa har titi yana ba shi haƙuri. Ni ina nan durƙushe a zaure, na kasa ko ɗaga kai.