Hoton Mati a Allon Sanda

Sanda mutumin Dayi ne. Ubansu ya rasu ya bar musu gona ɗaya su biyar, da aka raba, rabonsa ko akuya ba zai riƙe ba. Sai ya taho Funtuwa, ya shekara shida yana dakon buhunan auduga har bayansa ya ƙi. A 1976 wani ɗan garinsu ya sama masa aikin masinja a wani ofishin gona, inda manoma ke zuwa karɓar takin zamani da iri.

Bai yi boko ba, aikin kuma bai nemi boko ba. A barandar ofishin akwai wani dogon allon sanarwa na katako. Akawun wurin, Fidelis, haifaffen garin ne, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Shi ya ɗauki fenti ya raba allon gida biyar, Litinin zuwa Juma'a.

"Baba Sanda, ba ruwanka da abin da aka rubuta," in ji Fidelis. "Yau Talata? Ka kwashe duk abin da ke gidan Talata, ka kai durom ka ƙone, ka kafa sababbi. Ƙarfe bakwai. Kullum."

Wato kowace takarda mako ɗaya take yi a duniya. Bayan shekara uku aka yi wa Fidelis canjin wurin aiki. Akawu huɗu suka zo suka wuce, babu wanda ya taɓa tsarin, babu ma wanda ya tambayi dalilinsa. Sanda ya ci gaba. Ruwa ko rana, ƙarfe bakwai yana gaban allo. Hannunsa ya saba har yana iya kwashe gida guda yana gaisawa da mutane, bai kalli allon ba.

A daminar 1985 wata mata mai suna Hajo ta zo daga wani ƙauye na wajen Musawa. Mijinta Mati ya bi motar shanu zuwa kudu, damina biyu ke nan babu shi babu labarinsa. Ta kwance bakin zaninta ta fito da ɗan hoto, wanda aka ɗauke shi don katin ƙungiyar manoma. Shi kaɗai ne hoton Mati. An gaya mata direbobi da manoma na kowane gari suna tsayawa a barandar nan. Akawu ya tausaya mata, ya buga takardar cigiya, ya liƙa hoton a sama, Sanda ya kafa ta a gidan Alhamis.

"Mako ɗaya takarda ke yi a nan," ya gaya mata.

"Haba Baba, mako ɗaya? Ai ko mutanen garinmu ba su gama zuwa ba."

Bai ce mata kada ta damu ba. Ya ga masu faɗin haka da yawa, ya kuma ga abin da suka yi daga baya. Amma da Alhamis ta zagayo, kafin ya kwashe gidan, sai ya zare takardar Mati ya mayar da ita gidan Laraba. Da Laraba ta zo ya kai ta gidan Talata. Haka ya riƙa gudu da ita gaban wuta. Ya taɓa roƙon akawu a ware mata gefe guda na dindindin. Akawu ya ce tsari ne daga sama, sai an rubuta wasiƙa. Ba a rubuta ba.

Direbobin tarakta har tsokanarsa suke yi. "Baba Sanda, wannan ɗan naka ya fi Oga daɗewa a ofis! A ba shi kujera mana."

"In ka san inda yake, faɗi. In ba ka sani ba, matsa ka ba mutane wuri."

Hajo kan zo duk bayan mako biyu. Ta tsaya ta kalli hoton, ta tambaya ko wani ya ce wani abu, Sanda ya girgiza kai, ta koma. Wata bakwai ana haka.

Sai matarsa Ladidi ta kwanta a asibitin Malumfashi. Kwana uku Sanda yana jinya, da asuba ya biyo motar farko ya zo aiki. Ran Litinin motar ta yi faci a hanya, ya iso bakwai ta gota, abin da bai taɓa faruwa ba. Hankalinsa na kan maganin da aka ce ya nemo. Ya kwashe gidan Litinin, ya kai durom, ya zuba kananzir, ya ƙyasta ashana, ya dawo. Yana kafa sababbin takardu ne ya duba allon daga wannan gefe zuwa wancan. Babu fuskar Mati.

Ya ruga, ya tura hannu cikin durom har yatsunsa suka sale. Toka ce kawai.

Babu wanda ya yi masa faɗa. A wurin ofis, aikinsa ya yi daidai.

Ranar da Hajo za ta zo, bai jira ta a baranda ba, ya tare ta a bakin titi.

"Hajo, na ƙone hoton. Ni da hannuna."

Ta dube shi, ta dubi tsumman da ya ɗaure yatsunsa. "Duka, Baba?"

"Duka."

"Ko gefe bai saura ba?"

"Na duba."

Ta zauna a kan kwalbati. Can ta ce, "Ƙaramar 'yarmu ba ta san shi ba. Da na ce in an cire zan kai mata ta riƙa gani."

Sanda ya juya ya nufi ofis. Ya shiga ya sa akawu ya sake buga takardar, suna da gari da tsawo da tsagen fuska, ya fito ya kafa ta. Hajo ta taso ta tsaya a gabanta. Ba ta iya karatu ba, shi ma haka. Manoma suka yi ta wucewa da buhunan taki a ka, ba wanda ya tsaya.

"Wannan ce tasa?" ta tambaya.

"Ita ce."

Ta gyara mayafinta ta nufi tasha. Ba ta sake zuwa ba. Sanda ya yi shekara biyu yana matsar da takardar daga gida zuwa gida, har ya yi ritaya a 1988, ba wanda ya taɓa zuwa da labarin Mati.