Kombo da rumfar kifi

Ranar da asirin Kombo Shaame ya tonu, rabin ƙauyenmu na bakin teku ana jiran masunta. Ya sauko daga kwale-kwalensa yana tafiya a wawware kamar mai maruru, ya dire manyan jodari biyu a gaban Bi Mwatima, matar da ke auna tsawon kowane kifi a kan katako. Jodari dai shi ne kifin tuna a bakinmu na Unguja. Ta tambaye shi ko ke nan, ya rantse ke nan. Bai rufe baki ba ɗaurin zanensa ya kwance, ƙananan jodari suka zubo ta tsakanin ƙafafunsa, ɗaya har da sauran motsi. Mata masu sarin kifi suka fashe da dariya, wata ta yi masa barka da sauka lafiya.

Ni dai maƙwabta muke tun yana da haƙora, kuma Kombo ba ɓarawo ba ne. Baki gare shi, shi ke nan. A da, jodari har kusa da gaɓa suke zuwa, ya kamo wanda sai mutum biyu sun ciccibo. Sai manyan jiragen waje suka fara kewaye garke guda da taru can tsakiyar teku, kifin ya yi nisa. Masu inji suka bi shi. Kombo iska ce injinsa, ga gwiwa ta gaji, ga jikoki da 'yarsa ta rasu ta bar masa. Gidan ya koma rogo da safe, rogo da yamma, wani lokaci ko kwakwar da za a zuba a rogon babu.

Abin da ya tsamo shi rumfa ce. Masu kula da kifi suka haɗa gora da ganyen kwakwa, suka ɗaure da anga a cikin teku, inda ƙaramin jirgi zai iya kaiwa. Jodari na son inuwa, sai su taru a ƙarƙashi. Sharaɗi ɗaya aka gindaya: duk abin da aka kamo a rumfar sai ya hau katakon Bi Mwatima, wanda ya ɓoye kuma ya rasa damar zuwa rumfar.

Matsalar ita ce yawancin masu son inuwar yara ne. Kombo ya ji a wurin mai kofi cewa idan awo ya nuna ƙanana sun yi yawa, za a zo a yanke igiyar rumfar. Tun daga nan ya yi wa kansa dabara: manya su hau katako, ƙanana su bi ta zane. A ganinsa rumfar gari yake karewa.

Kafin zaman kwamiti ya je har gida wurin Bi Mwatima, hula a hannu, mutumin da ko liman bai taɓa cire wa hula ba. Ya roƙe ta ta ce ba ta gani ba.

"Baba Kombo, ko na ce ban gani ba, duk gari sun gani," in ji ta. "Har abin da ba a tambaya ba sun gani."

Aka zauna ƙarƙashin mangwaro. Shugaban kwamiti, Mcha, wanda Kombo ne ya koya masa ɗaura ƙugiya, ya yanke cewa babu shi babu rumfa sai iska ta juya. Kowa ya san kafin iska ta juya jodari sun wuce. Kombo ya ambaci jikokin ɗaya bayan ɗaya, ya nemi ko ranar Juma'a kaɗai a bar masa, tunda ranar sauran masunta ba sa fita. Mcha ya kasa haɗa ido da shi. Ya ce ba mugunta ba ce, so ake a san yawan ƙananan domin a bar su su girma.

Kombo ya miƙe, ya ƙara ɗaure zanensa tamau.

"Su girma su tafi ina, ɗana? Can wurin manyan jirage, ko ba haka ba? To tunda reno kuka ɗauke ni in yi musu, ka aika su kawo wa mai reno abinci."