Layi Biyu a Bakin Rami

Ba mai kiransa da sunan yanka a mahaƙar. Ɗorawa ake ce masa, saboda fenti ruwan ɗorawa da ya shige ƙarƙashin faratansa ya ƙi fita. Yana saurayi ya zo neman aikin rami. Ranar farko da aka saukar da shi ƙirjinsa ya toshe, a kafaɗa aka fito da shi. Daga nan aka miƙa masa buroshi. Shi ke rubuta “A sa hular kwano” a jikin bango, shi kuma ke jan layin da ya raba bakin rami da filin lodi.

Layin nan ba ado ba ne. Daga shi zuwa ciki dokar ma'adinai ke aiki: in an yi hatsari sufetonta na iya rufe ramin, kuma kamfani ne zai ɗauki nauyin wanda ya ji rauni. Daga shi zuwa waje filin 'yan kwangilar tifa ne, ofishin ƙwadago ke da ta cewa. 'Yan kwangila kuwa, yau suna nan, gobe wayarsu ba ta shiga.

Ƙanin matarsa, Guduma, ɗan rami ne na gasken gaske, kuma bai taɓa wuce shi bai tsokane shi ba.

“Yaya Ɗorawa, sannu da yaƙi! Bangon bai rama ba dai?”

'Yan rami su kwashe da dariya. Shi ma ya yi, irin wadda ba ta wuce haƙora.

Wata ranar igiyar ƙarfe ta tsinke, taragon dutse ya gangaro ya murƙushe ƙafar Guduma a gindin tankin ruwa. Washegari da safe Manaja ya kira Ɗorawa, har da dafa kafaɗa, abin da bai taɓa yi ba.

“Baƙi za su zo bincike. A sabunta komai. Na sa an ja maka igiya, bi kawai.”

An zuba sabuwar tsakuwa a kan tsohon layin. Shekara da shekaru tankin na cikin layi. Igiyar da aka ja yanzu ta bar shi a waje, tare da wurin da Guduma ya faɗi. Ɗorawa ya gani, babu batun bai gani ba. Ya tsoma buroshi ya bi igiyar. Tsoron Manaja ne? Shi dai haka ya gaya wa kansa. Amma layin ya fita tsaf, hannunsa ko rawa bai yi ba, kuma yana ja yana jin “bangon bai rama ba dai?” a kunnensa.

Baƙin su biyu ne: sufeton ma'adinai, dogo mai yawan duba agogo, da jami'ar ƙwadago mai tabarau.

“Igiyar da ta tsinke hurumina ce,” in ji sufeto, “amma mutumin a filinki ya faɗi. Sai kin gama zan fara.”

“Filin nawa ne, amma sanadin daga raminka ya fito. Sai ka gama.”

Suka yi wa juna murmushi, kowa na auna wanda a cikinsu Manaja ya riga ya gani a ɓoye. Jami'ar ta taɓa layin da bakin takalminta, ta dubi takalmin, sannan ta dubi Ɗorawa.

“Malam, ɗanye ne fentin nan?”

“Muna sabuntawa akai-akai, ranki ya daɗe.”

Ta daɗe tana kallonsa. Daga bisani Manaja ya ja su ofis, aka rufe ƙofa, aka shiga da lemo mai sanyi.

Kafin Ɗorawa ya isa gida labari ya riga shi. Matarsa na wanki a tsakar gida, ba ta ɗago ba.

“Baban yara, an ce tanki ya yi ƙafa, ya fita waje.”

“Inda aka nuna min na bi.”

“Wa ya sa ka?”

“Babu wanda ya sa ni komai. Aikina ne.”

“Asibiti sun ce kamfani ya janye hannu, wai a nemi ɗan kwangila. Ƙanina na kwance da guntun ƙafa, kai kana aikinka.” Ta matse rigar kamar wuyan wani. “Ko dai tsokanar nan ce ka riƙe a ciki?”

Ya juya ya fita. Ita kuwa ta ci gaba da wankinta.

A asibiti ya tarar da Guduma ya rame, bargo ya lotsa a inda ƙafa ya kamata ta tasa shi. Ya so a zage shi, da ya fi sauƙi. Guduma sai ya yi murmushi.

“Yaya Ɗorawa, ashe buroshinka ya fi tarago nauyi. Zauna mana, kujerar ba ta cikin layi.”

Ranar da baƙin suka dawo don kowa ya sake tura wa ɗan'uwansa alhakin, suka tarar da Ɗorawa da tsintsiyar kwakwa yana share tsakuwa. Tsohon layin ya fito a koɗe, ta bayan tankin. Ya tsoma buroshi ya bi shi, a gaban kowa.

“Kai! Wa ya ba ka izini?” Manaja ya daka masa tsawa.

“Ka ce a sabunta komai, yallaɓai. Wannan ne ya rage.”

Yanzu layi biyu ne, tankin a tsakaninsu. Sufeto ya dubi jami'ar, ta dube shi. Babu wanda ke son a ce shi ne ya kau da kai alhali ɗayan na kallo, don haka suka yi rige-rigen aiki: shi ya sa wa ƙofar rami kwaɗo, ita ta kira shaidu. Kamfani ya koma asibiti da fara'a, ya ɗauki nauyin Guduma.

Rufe rami na nufin zaman gida ga kowa. 'Yan ramin da suka yi ta jajanta wa Guduma suka daina amsa sallamar Ɗorawa. Wasu na cewa matar ƙwadago ce ta saye shi, wasu na cewa kason da Manaja ya yi masa alkawari ne bai fito ba. Mai gadi ya karɓe buroshin a bakin get, yana ba shi haƙuri.

A gida matarsa ta ajiye masa abinci da ruwan wanke hannu, ta zauna gefe tana kallon faratansa.

“Wannan karon wa ya sa ka?”

“Babu.”

“Wancan ma haka ka ce.”

Ta tura masa kwanon kusa, amma ba ta ɗauke ido ba.