Fatar da Jakai Suka Gane

Shekarun baya, tun Turawa na mulki, ni ne kukun wani Bature mai sayen fatu da ƙiraga a Jibiya. Karatuna bai wuce in rubuta wasiƙa ba, amma ina da ido. Mahaifina maharbi ne, kafin ya rasu ya koya mini bin sawu. Bin sawun na riƙe, gargaɗinsa kuwa na bar shi a zaure. Ya sha ce mini, "Dabbar da ke shayarwa ba taka ba ce, ko da yunwa za ta kashe ka."

Wata shekara Baturen ya sami hutu, ya ce zai ziyarci surukansa can ƙarshen Afirka ta kudu, kuma za su yi farauta. Ya ce in bi shi in riƙe masa bindiga. Na bar matata da cikin wata shida a hannun mahaifiyata, ina ta hura hanci kamar ni zan tuƙa jirgin ruwan.

Ƙasar duwatsu ce, jajaye, ba inuwar kirki. Abin da muka je nema jakin dawa ne na kan dutse, mai zanen baƙi da fari, da wata fata tana reto a wuyansa kamar ta bijimi. Hawan dutse yake yi kamar akuya. Kwana tara muna bin sawu ba mu samu ba. Masu nuna hanya na ƙasar suka fara kallona suna dariya, Baturen kuma ya ce da gurguwar Hausarsa, "Ina idon da kake cika baki da shi?"

Rana ta goma, rana tsaka, na hango wata macen jakin dawa tsaye a kan wani falalen dutse. Na kuma hango abin da sauran ba su gani ba: ɗanta kwance a inuwar dutsen, kunnensa kaɗai ke motsi. Baturen dama ya ce ba ya harbin mace. Ya ɗora bindiga ya tambaye ni, "Namiji ko mace?"

Na ce, "Namiji ne, Maigida. Harba."

Ba ta gudu ba. Kuma ba mai bindigar take kallo ba, ni take kallo.

Da muka isa wurin, nono na zuba daga hantsarta yana gauraya da jini a kan dutse. Baturen ya jefar da hularsa ƙasa, ya ce ba ya son fatar, ya juya. Ni kuwa na tsuguna na feɗe ta, na yanke wurin hantsar na yar, na zuba gishiri. Ɗan ya biyo mu har gindin dutse yana wani kuka siriri, ba haniniya ba, ba kukan jaki ba. Nakan ce ban san abin da ya same shi ba. Na sani.

Bayan wata biyar da tafiyata motar Katsina ta sauke ni a bakin shingen iyaka, ranar kasuwa. Fatake daga wajen Maraɗi sun cika wurin da jakai ɗauke da kanwa, suna jiran ’yan duwan, wato kwastan, su gama bincike. Wanda ya san taron jakai ya san hayaniyarsu. Ina ɗora akwatina a kai, sai wurin ya yi tsit. Jakan nan duka suka juyo, kunnuwa a miƙe, suna bi na da ido. Ana dukansu ba su motsa ba.

Wani tsohon farke ya dube su, ya dube ni. Ya ce, "Samari, mi ke cikin akwatin nan?"

Na ce, "Tsaraba ce, Baba."

Ya ce, "To, Allah ya sa ta alheri ce."

A gida na tarar da ɗiya, wata biyu da haihuwa, ɓul-ɓul da ita. Na shimfiɗa fatar a tsakar gida, unguwa ta taru kallo. Na ce musu namiji ne gagara-badau, da ya taso mana sai da na tare shi da wuƙa. Kullum labarin ƙara tsawo yake yi. Don alfahari na ce ɗiyata ba za ta kwanta a tabarmar kaba ba, na shimfiɗa mata fatar a ɗaki.

Kwana uku, nonon matata ya ƙafe ƙaf. Aka dama kunun kanwa, aka jiƙa saiwoyi, shiru. Aka kai yarinya wurin maƙwabciya mai goyo, ta kawar da kai. Aka ba ta nonon akuya, ta amayar. Cikin mako guda ta zama kamar ɗan tsako, idanu sun faɗa. Kukanta kuma ya canza, ya koma siriri. Ni kaɗai a gidan na san inda na taɓa jin irinsa.

Sannan kullum in rana ta take, jakan unguwa sai su zo su jeru a bayan dangarmu, daidai ɗakin, kawunansu a ƙasa. A kore su, su dawo.

Matata ta ce, "Malam, ni fa tun da ka shigo da abin nan nake jin kamar ana kallona ta baya."

Na ce mata sambatun jego ne. Ɗiyata na ƙarewa a gabana, amma abin da ya fi damuna shi ne kada a ce na yi ƙarya. Wannan ne laifin da har yau nake jin kunyarsa fiye da na kan dutsen.

Mahaifiyata ce ta janye fatar daga ƙarƙashin yarinya, ta fito da ita rana, ta kife ta. Ta bi cikin da yatsa har ta kai inda na yanke.

Ta ce, "Kai ɗan nan, shekara talatin ina auren maharbi. Wa za ka yi wa wayo? Wagga mace ce. Ina ɗanta?"

Na faɗa mata komai, matata na tsaye a bakin ƙofa tana ji.

Mahaifiyata ta ce, "Fata ba ta iya komai, ikon na Allah ne. Amma alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Tashi ka binne ta, ka roƙi gafara. In ɗiyar ga ta mutu da ƙaryarka a baki, ban yafe ba."

Na naɗe fatar na bi hanyar Magama, na haƙa rami a gindin wani kalgo na rufe ta. Na yi sallah raka'a biyu ina kuka kamar ƙaramin yaro. Da zan koma na biyo ta shingen, rana ta take. Ba kowa sai tsohon farken nan zaune a ƙasa. A gefensa ga jaka ta faɗi matacciya, ga ɗanta na tura baki cikin hantsarta.

Ya ce, "Ka daɗe. Tun hantsi muke jira."

Na ce, "Baba, wa ya gaya maka zan biyo nan?"

Ya ce, "Ba kowa. Ɗan jakin ga ne ya ƙi yarda in taɓa shi, sai kallon hanyar ga yake yi."

Ɗan jakin ya taso yana tangaɗi, ya zo ya sa hancinsa a tafin hannuna, hannun da na yi fiɗa da shi. Tsohon ya ce in tafi da shi. Na saɓa shi a kafaɗa har gida. Na tatsi akuya, na tsoma tsumma a ƙwarya na sa masa a baki. Ya ƙi, ya ƙi, can sai ya kama.

Yana tsotsa, na ji muryar matata daga ɗaki: "Inna! Inna, zo ki gani, ruwan nonon ya zo!"

Ɗiyar nan yanzu kaka ce. Malaminmu ya ce kada in jingina abin ga fata ko ga jaki, Allah ne ya karɓi tuba, kuma na yarda. Jakin ya shekara ashirin a gidana, ban taɓa ɗora masa ko damin kara ba, har mutane suka laƙaba mini uban jaki. Da ya girma zane ya fito a ƙafafunsa, baƙi-baƙi. An ce jakai da yawa haka suke. Ban musa ba.

Abin da na koya shi ne ƙarya ba ta tsayawa inda ka yi ta, ko teku ka ƙetare. Mutane kan ce na biya bashina, ni kuwa ban gani ba. Wanda na shayar daban, wanda na bari a gindin dutse daban. Har yau in rana ta take gari ya yi shiru, nakan bar abin da nake yi in kasa kunne.