Rigar Kawu Dogo

Ku gyara zama, ku ba ni aron kunnuwanku. Wadda zan ba ku yau ba ta kura da kurege ba ce. Ta mutum ce, mutumin da da yawanku kuka ci a kwano ɗaya da shi: Malam Lawali tela, na Sevran nan gefen Paris, ɗan kawuna, taubashina. Shi ɗan namiji ne, ni Tsahara 'yar mace, saboda haka ina da ikon in faɗi abin da na ga dama a kansa, da ransa da bayan ransa.

Duk namijin da ya san shi ya san ba a gaisawa da Lawali ta gaba kawai. Zai ba ka hannu yana "lahiya lau, lahiya lau," kafin ka kai ga tambayar iyali ya riga ya zagaya bayanka. Sai ya kafa babban yatsa a kafaɗarka, ya yi ta tafiya da taƙi har ya kai ɗaya kafaɗar, ya gangara gadon baya. In ya gama ya ja ɗan tsaki, ya dawo gabanka ya ɗora gaisuwa inda ya tsaya. Liman ya sha wannan awo. Surukina, likita a Bobigny, ya sha shi ranar da ya fara zuwa gaishe shi, abin da ya samu kuwa shi ne, "Yaro mai hankali, sai dai an yi rowar tsawo." Baƙo yakan ɗauka tsufa ne ya taɓa shi. Ba tsufa ba ne. Akwai riga a rataye a ɗakinsa, ita yake nema wa mutum.

Bari in koma baya, don ku san rigar. Ubansa, Kawu Dogo, yana cikin waɗanda Faransa ta kwasa daga Damagaram ta kai yaƙin Jamus na fari. Ya je, ya ga abin da ya gani, ya dawo da ransa da rigarsa da jar dara. Mun tashi mun tarar da shi tsoho, amma ran salla sai ya buɗe akwati ya sa ta, ya sunkuya kafin ya fita ƙofar zaure. A jikin wannan riga Lawali ya koyi ɗinki, yana saurayi, yana yi mata faci, har hannunsa ya haddace faɗinta da tsawonta. Bayan rasuwar Kawu gara ta shiga akwatin, ba ta bar komai ba sai maɓallai. Su Lawali ya ƙulle a ƙyalle ya taho da su Paris.

Ya daɗe yana aiki a wani gida da ke yi wa 'yan wasan kwaikwayo tufafi. Da ya huta, sai wasu Turawa suka gano shi. Ni da na zo renon jikoki, an yi ta yi mini bayani kafin in yarda. Wai manyan mutane, masu aiki da iyali, ran Asabar sai su sa kayan sojan da, su tafi gona su haƙa rami, su yi ta harbin juna da bindigar da ba harsashi, su faɗi su mutu. Da la'asar kuma su tashi su ci abinci tare da waɗanda suka kashe su. Shugabansu wani mai gyaran haƙori ne, Jerar, Lawali yana ce masa Kaftin.

Na ce, "Lawali, mutanen nan ƙalau suke kuwa?"

Ya ce, "Tsahara, kakanninsu suke tunawa. Ke me kika taɓa sawa don ki tuna naki?"



Kayan da suka fito daga keken ɗinkinsa ba sa zuwa hannun mai su sai sun sha wuya. Ya jiƙa su a baƙin shayi, ya goge gwiwa da dutse, in an yi ruwa ya sauka bayan benenmu na unguwar Beaudottes ya tattake su cikin taɓo. Ya ce sojan da ya kwana a rami ba ya fitowa kamar ango. To, kun san matarsa, Hajiya Mariama, wadda har tsumman goge tukunya take yi wa guga. Wata Jumma'a yana masallaci ta ga wanduna jibge a ƙasa, ta ji Kaftin zai zo ɗauka a ranar. Ta ce ba a gidanta Turawa za su ce matar tela ƙazama ce ba. Ta wanke su tas, ta goge, ta kifa su a kan turaren wuta.

Lawali ya dawo, ya tsaya a bakin ƙofa, ya shaƙi iska. Ya nemi kujera ya zauna.

"Mariama, me na yi miki?"

"Wanki na yi maka, Malam."

"Tun farkon sanyi nake tara wannan dauɗa."

Da Kaftin ya zo ya ɗaga wando ya sansana, ya dubi Lawali. Lawali ya ce, "Ku je ku yi yaƙin haka. In Jamus suka ji ƙamshi, su ɗauka amarya aka kawo musu."

Akwai kuma wani ma'aikacin banki mai tumbi, da ya zo yana son kayan ƙaramin soja. Lawali ya bi cikinsa da taƙi, ya bi, ya bi, har ya gaji ya sauke hannu. Ya ce masa sojan rami ba shi da irin wannan, amma azumi ya kusa, ya yi tare da mu ya dawo bayan salla. Bawan Allah ya karɓi rabin shawara. Azumin bai yi ba, amma buɗa-baki bai taɓa wuce shi ba. Kullum rana na faɗuwa ga shi a ƙofa da furanni, Mariama na zuba masa kunu da ƙosai. Bayan salla Lawali ya sake awo, ya girgiza kai.

"Yanzu ka wuce soja," in ji shi. "Ka kai janar."

Na janar ɗin ya ɗinka masa, kuma an ce ba a taɓa ganin janar da ya dace da kayansa kamarsa ba.

Duk wannan aikin mutane ne. Nasa aikin shi ne rigar ubansa. Kaftin ya samo masa yadi mai kauri launin ƙasa, irin wanda baƙaƙen soja suka sa a wancan yaƙin. Ya ɗinka ta da hannu, da wandonta, da jar ɗamara, da jar dara, ya kafa mata maɓallan nan na gaske. Ita ce kaɗai bai kai taɓo ba. A cikin mutanen Kaftin babu baƙar fata ko ɗaya, kuma Kaftin da kansa ya ce yaƙinsu bai cika ba in babu, domin baƙaƙe sun zubar da jini a ramukan nan. Ya ce a kawo kowane saurayi, a rage rigar ta yi masa daidai. Lawali ya ce ba a rage wa ubansa tsawo.

Shekara ta bi shekara. Wanda ya yi tsawo ba faɗi, wanda ya yi faɗi ba tsawo. Wata rana a jirgin ƙasan da ke kai mu Paris ya ɗora wa wani ƙato hannu a baya, ƙaton ya ɗauka aljihunsa ake nema. Ni na shiga tsakani ina ba da haƙuri da Hausa, shi yana zagi da Faransanci, Lawali kuwa yana bayana yana cewa, "Bar shi, Tsahara, ai wuyansa ma gajere ne." Ana nan ciwon suga ya fara cin idonsa. Turawa suka shiga shekarun tuna cikar yaƙin shekara ɗari, ko'ina ana wasa, rigar tana rataye. Na fara tsoron zai tafi bai gan ta a jikin mutum ba. Mariama ta roƙe shi ya sa almakashi, ni ma na roƙe shi. Ya ce mu mata ba mu san riga ba.

Bikin suna ne ya kai mu Lyon, gidan 'yar ƙanena a Bron. Muna cikin tiram, jirgin nan na cikin gari, sai na ga Lawali ya miƙe yana laluben sanda. Na ce a raina yau ma za a zage mu. Ya isa bayan wani dogon saurayi mai jakar littattafai, ya kafa yatsa. Ya auna kafaɗa, bai yi tsaki ba. Ya gangara baya, bai yi tsaki ba. Ya koma ya sake daga fari. Saurayin ya waiwayo, da ya ga hular Lawali sai ya ce da Hausa, "Baba, lafiya?"

"Lahiya lau. Ɗan wane ne kai?"

Sunansa Bulus, Kirista ne daga kudancin Kaduna, yana karatu a jami'ar Bron. Kafin mu sauka ya ji labarin duka. Ya ce, "Baba, ni ko kaza ban taɓa yankawa ba."

Lawali ya ce, "Ubana ma manomi ne, ba a tambaye shi ba."

Ranar da Bulus ya zo Sevran ya shiga ɗaki ya sa kayan, muna zaune ni da Mariama. Ya fito, ya sunkuya a ƙofa don kada dara ta faɗi. Ni dai na ja mayafi na rufe fuska. Lawali ya zagaya shi yana shafa ɗinki, abin da kawai ya ce shi ne, "Miƙe wuya, ba haka yake tsayawa ba."

An yi wasan a wata gona a wajen Lyon. Jama'a ta cika bayan igiya, mu aka ba mu kujeru a gaba. Ashe a tsarinsu kowa yana da lokacin faɗuwarsa, kuma wanda ya faɗi ba ya motsi sai an busa ƙaho. Kaftin ya gaya wa Bulus nasa lokacin. Ba wanda ya yi tunanin gaya wa Lawali.

Aka fara. Hayaƙi, ƙara, mutane na gudu. Idon Lawali ba ya ganin fuska daga nesa, amma yana ganin ja, sai ya bi jar dara da kallo. Tana gaba, tana gaba, sai ta yi ƙasa. Ya jira ta ɗago. Ba ta ɗago ba.

"Tsahara, tuntuɓe ya yi?"

Na ce, "Ina jin an kashe shi ne."

Tsohon da ba ya hawa bene sai an riƙe shi, sai ga shi ya sunkuya ya wuce ƙarƙashin igiya. Ya ratsa fili da babbar riga da sanda, yana tsallake gawawwaki yana ce musu pardon. Ba nisa, muna jin komai.

"Bulus, tashi."

Bulus bai buɗe ido ba, ya ce, "Baba, na mutu."

"Wa ya kashe ka?"

"Wancan mai hular ƙarfe."

"Wancan? Ni na ɗinka masa wando. Tashi."

"Baba, Kaftin ya ce sai an busa ƙaho."

Sai Lawali ya dogara da sandarsa, muryarsa ta sauka. Ya ce, "Yaro, mai rigar nan bai mutu a nan ba. Ya koma Damagaram, ya yi noma, ya yi aure, ya haife ni. In ka kwanta a nan, ni daga ina na fito?"

Bulus ya buɗe ido. Ya dube shi. Ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya gyara dara, ya rataya bindiga. Ya ba tsohon hannu, suka taka tare a hankali ta tsakiyar yaƙi. Jamus suka sauke bindigogi, ba su san ko a harba ko a bari ba. Jama'a ta ɗauka cikin shiri ne, aka yi ta tafi. Wata tsohuwar Baturiya kusa da ni tana kuka, ta riƙe hannuna, ni ban ji abin da take cewa ba, ita ba ta ji nawa ba.

Kaftin ya zo fuska ja wur, ya ce an ɓata masa yaƙi. Lawali ya ce masa yana da matattu da yawa, ya yi haƙuri da rayayye ɗaya. Aka fassara masa maganar da aka yi a filin, sai ya cire hularsa ya daɗe yana kallon cikinta. Daga ranar, a duk wasansu, mai jar dara ba ya faɗuwa.

Lawali bai ga wani sanyin ba. Ya rasu a asibiti ran Jumma'a, aka kai shi Damagaram aka binne shi kusa da ubansa. Hajiya Mariama ta koma gida bayan takaba, tana can tana wanke duk abin da ta ga dama ba mai hana ta, kuma ta ce wankin ba ya mata daɗi. Kaftin ya bar gyaran haƙori, gwiwa ta hana shi shiga rami, yanzu shi ke busa ƙaho. Janar yana nan, kowane azumi sai ya buga waya ya tambaya ko akwai ƙosai. Bulus ya gama karatu, ya samu aiki a Lyon, ya yi aure. Rigar tana wurinsa, Lawali ya bar masa da sharaɗin kada almakashi ya taɓa ta. Ni kuwa ga ni, jikokin da na zo reno sun fi ni tsawo, ba ni da wanda zan zaga in ji daɗi.

Allah ya jiƙan Lawali, ya yafe masa taurin kansa. Allah ya jiƙan Kawu Dogo. Waɗanda kuma suka tafi tare da Kawu, suka kwanta a ramukan nan ba su samu mai zuwa ya ce musu su tashi ba, Allah ka san sunayensu, ka yi musu rahama.