Ɗayan da Ke Saura a Bakin Komadugu

Ni da na manta inda na ajiye haƙorana biyu na gaba, akwai rana guda da ta ƙi fita daga kaina, kuma na san da ita za a binne ni.

Maƙwabcina ne ya rasu, manomin tattasai a gabas da Diffa, wajen Geskeru. Ya bar 'ya'ya maza uku da fadama guda mai fangali ashirin da huɗu. Autan bai daɗe da dawowa daga Najeriya ba, da mata da yara, ba ko akuya. In bai sami rabonsa kafin dashe ya wuce ba, sai dai layin rabon tallafi. Aka kira ni rabo, don duk unguwar ni ne na taɓa zama a lakol, makarantar boko, har mushe, wato malaminmu, ya taɓa yaba mini sau ɗaya, bisa kuskure.

Na tsuguna a kan rairayi da tsinke. Na ce kowa takwas cikin ashirin da huɗu. Raba sama da ƙasa biyu, huɗu cikin sha biyu. Sake rabawa, biyu cikin shida, sannan ɗaya cikin uku. Sulusi ke nan. Na gyara hula.

Sai dai ambaliya ta share kunyoyin fangalin, dole a auna da mita. Na tsakiyan ya ce, "Baba, mita ba ta san sulusi ba. Faɗa mana da birgil, ɗigon nan na lissafi."

Na ce wannan ai ruwan sha ne. Ɗaya a raba uku: sifiri, birgil, uku, saura ɗaya. Na sauko da sifiri. Uku, saura ɗaya. Na sake. Uku, saura ɗaya. Ina rubutu ina ja da baya, ukkuna na bin juna kamar jerin tururuwa, har na ji sanyi a dugadugaina. Na kai bakin ruwa, ɗayan nan bai ƙare ba.

Rana ce tsaka. Sai a lokacin na lura injin ban-ruwan da ke hayi ya yi shiru. Tsuntsaye ma haka.

Muka ja mita. Faɗin fadamar mita ɗari cif, kowa talatin da uku da birgil uku. Aka kafa turaku, sai ga wani siririn zirin ƙasa ya rage, faɗin tafin hannu, daga ruwa har tudu.

"Nawa ne, ni ne babba," in ji babban.

Autan ya ce, "Yaya, ko a nan ma sai ka ci nawa?"

Na ga hannun kowa ya koma kan ƙotar fartanya. A kan faɗin tafin hannu, jama'a!

Sai ruwa ya motsa. Wani tsohon guza ya fito, tsawonsa ya kusa kai nawa. Bai dube mu ba. Ya bi ta kan lissafina yana share ukkuna da wutsiya, ya haura, ya miƙe a kan zirin nan daidai wa daida, kamar an auna shi. Sannan ya juyo da kai. Idonsa na hagu fari fat, da hakiya.

Marigayi ma hakiya gare shi a idon hagu. Ba wanda ya faɗa. Ni dai na ji Ayatul Kursiyyu ta cakuɗe mini da lissafin sau.

Babban ya saki fartanya. Ya ce, "A bar masa."

Autan ya yi dashensa a wannan makon. Zirin kuwa har yau ciyawa ce, ko akuya ba a ɗaurewa a wurin.

Malamai sun ce guza guza ne, kuma ban yi musu ba. Abin da na koya shi ne, in ka raba abu uku da birgil, komai ƙwazonka ɗaya zai saura. Kada ka yi faɗa da ɗan'uwanka a kansa, don ba ka san wanda zai fito ya karɓa ba.