Arzika, Mai Yasar Tabkin Kwalkwalawa

A da, ana idar da sallar asuba za ka ga Arzika da shebur a kafaɗa, ya nufi tsohon tabkin da ke bayan Kwalkwalawa. Da rani yana kwashe laka daga cikinsa yana ɗorawa kan jingar da ke tare ruwan gulbi. Ba wanda ya sa shi.

Ni ban yi boko ba, kuma ba na yabon banza. Abin da mutane sunka gani zan faɗa.

Garba mai albasa ya sha tsokanarsa: "Baba Arzika, kabarin wa kake gina da rani haka?"

Shi kuwa ya ce, "Na yunwarka, ɗan nema. Ruwan da ka cin gida da damina, shi kaka nema da rani."

Shekarar da gulbi ya cika ya taso wa gari, jinga ta fara tsagewa ta wajen gidaje. Hanya ɗaya ce ruwan zai bi ya faɗa tabki: ta tsakiyar gonar Arzika, ga shinkafa ta fara kunno kai. Matarsa Hajjo ta riƙe masa riga. "Malam, mi za mu ci?"

Arzika ya ɗauki shebur. Ya fasa jingar ta gefen gonarsa. Ruwa ya shanye shinkafar kaf, tabki ya cika, ko katanga ɗaya ba ta faɗi ba.

Damina ta gaba ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya ƙone a tsaye. Tabkin nan da ya zurfafa shi ya riƙe mu. Da shi munka yi albasa da tumatir, shanu sunka sha. Garba da kansa ya kai wa Hajjo buhun gero, kansa a ƙasa.

Arzika, kai ne jingar garinmu. Kai ka gane ambaliya da fari matsala ɗaya ce, shebur ɗaya ke maganinsu. Mun gode, Allah ya saka maka da Aljanna.

Amma yanzu tsufa ya zo, gwiwar Arzika ta ƙi. Laka ta fara cike tabkin, har wasu na zuba shara ciki. Jiya na same shi zaune bakin jinga, shebur a cinya.

Samarin gari, kunya! Addu'a kaɗai ba ta yasar tabki. Gobe da safe ni zan karɓi shebur ɗin. Mai zuwa ya zo da nasa.